Ke da madubinki

Kishiyata, na ga saƙonki. Wai ko a zamaninmu mukan tsaya gaban madubi da safe mu ce wa kanmu "ina da daraja"? Na yi dariya har na ƙware. Amma da na duba lokacin da kika turo shi, ƙarfe biyun dare, sai dariyar ta tsaya. Me kike yi ido biyu a wannan lokacin?

Madubinmu ɗan mitsitsi ne, ga tsaga a tsakiya, in kin ga hanci ba za ki ga baki ba. Wa zai yi hira da shi?

Shekarar da na faɗi jarrabawa, ƙawayena duk suka wuce, na shige ɗaki na rufe. Kwana huɗu ba wanka, ba tazar kai, in an yi sallama sai in juya fuska bango. Rana ta biyar Goggo ta shigo, Allah ya jiƙanta. Ba ta ce sannu ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗage labule rana ta faɗo mini a ido, ta jingina tsintsiya a ƙafata, ta ce, "Daga nan zuwa bakin ƙofa kawai." Na share ina kuka ina turo baki. Da na kai ƙofa na ga tarin ƙurar, sai na ji kunyar barin ta a nan, na fita da ita. Ina fitowa ta nuna mini ruwan wanka. Da yamma ta ce in raka ta. Muka yi ta tafiya ba ta tambaye ni komai ba, ni da kaina na fara zuba. Can ta ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Barin kashi a ciki kuma ba ya maganin yunwa."

Yanzu an sa wa abin lissafi, barcin awa 7 zuwa sama, motsa jiki minti 150 a mako in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Goggo ko agogo ba ta da shi. Ku kuwa kuna kwana da waya a hannu, kuna gwada kanku da hoton wadda sai da ta ɗauki goma kafin ta zaɓi ɗaya.

In ƙuncin ya wuce mako biyu, barci ya ƙi, komai ya fita a ranki, wannan ya fi ƙarfin tsintsiya, sai likita, ni zan raka ki. Madubin kuwa ban hana ki ba. Ki dai fara kaɗe shimfiɗarki tukuna, kuma ki kira ni da rana in ji muryarki.