Tambaya da Amsa: Yadda Jitar Bas Ke Samun Murya Mai Kauri da Laushi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jitar bas a wata ƙungiyar kiɗan biki. Sautina yana fita a bushe, da ƙarar ƙarfe kamar ana buga gwangwani. In na murɗa maɓallin Bass har ƙarshe kuma sai zaure ya cika da gunji, ba a gane abin da nake kaɗawa. Wane fedal, wato ƙaramin akwatin sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa, zan saya? — Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe kuɗinka tukuna, don maganin matsalarka yana jikin kayan da ke hannunka.

Tsirkiya huɗu na bas, wato E, A, D da G, suna kaɗawa ne a kan 41, 55, 73 da 98 Hz, wato yawan girgizarsu a daƙiƙa ɗaya. Maɓallin Bass na yawancin amfilifaya a wannan yanki na can ƙasa yake aiki, kuma nan ne zaure mai bangon siminti da daɓen tayil ke amsa kuwwa. Shi ya sa kake samun gunji. Kaurin da kunne ke jin daɗinsa yana ɗan sama da nan, tsakanin 150 zuwa 400 Hz, inda maɓallin Low Mid yake. Ƙarar gwangwanin kuwa daga 2,000 zuwa 4,000 Hz take fitowa.

Ka mayar da duk maɓallan tsakiya, kamar hannun agogo a ƙarfe 12. Ka kashe duk wanda aka rubuta wa Bright, Contour ko Enhance, domin Bright sama yake ƙarawa, Contour da Enhance kuma kwashe tsakiyar sauti suke su bar sama da ƙasa, wato ainihin abin da kake kuka da shi. Sai ka sauke Treble zuwa ƙarfe 10, ka ɗaga Low Mid zuwa ƙarfe 1 ko 2, ka bar Bass inda yake. Idan ka ji sautin ya dagule kamar ana magana a cikin randa, ka wuce gona da iri, koma baya kaɗan.

Daga nan ka dawo kan jitar. Rage maɓallin Tone ɗinta zuwa rabi. In fikof biyu ne da ita, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ka fifita na kusa da wuya. Sannan ka matsar da hannun damanka daga wajen jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a gindin jitar, zuwa inda wuyan jitar ya ƙare, ka ja tsirkiya da tsokar yatsa a hankali, ka bar amfilifaya ta yi aikin ƙarfi. Mai fizgar tsirkiya da ƙarfi yana sa ta dukan ƙarafan wuya, kuma babu fedal ɗin da zai goge wannan ƙarar bayan ta fita. Gwada wannan kaɗai: sauti ɗaya, ka ja shi kusa da jaki, ka sake jan shi kusa da wuya. Kamar jita biyu daban za ka ji.

Abu na ƙarshe, kada ka cusa sifika a kusurwar ɗaki, don kusurwa tana ninka gunji. Janye ta daga bango kamar rabin mita. Kuma ka yi wannan saiti lokacin da mai ganga da mai fiyano ke kiɗa, domin sautin da ya burge ka kai kaɗai a ɗaki sau da yawa ɓacewa yake a cikin taro.

Tambaya: Na ji ana cewa tsirkiya masu santsi sun fi daɗin murya. Gaskiya ne? — Mai karatu daga Jos

Amsa: Gaskiya ne, kuma a duk abin da za ka kashe wa kuɗi, wannan ya fi canza sauti. Tsirkiyar da ke zuwa da yawancin sabbin jita an naɗe ta da waya mai zagaye, kana jin gurzarta a yatsa, muryarta a buɗe take da ƙyalli. Kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa irinta a shekarun 1960. Kafin nan masu santsi ake amfani da su, waɗanda aka naɗe da waya shimfiɗaɗɗiya. Da irinsu James Jamerson ya yi kiɗan Motown a Detroit ta Amurka, a kan Fender Precision, da tsirkiyar La Bella masu kauri da ba ya canzawa, da soso a wajen jaki yana danne su.

Sosan nan kai ma za ka iya gwadawa yau. Yanko soson katifa mai faɗin yatsa biyu, ka tura shi ƙarƙashin tsirkiyoyin daf da jaki, yana taɓa su kaɗan. Sautin zai gajarta, ya dunƙule, ya yi kama da bugun ganga. In ya matse da yawa zai kashe sautin ya kuma ɗan karkatar da shi daga saiti, sai ka rage masa kauri.

Ka lura da abu biyu. Masu santsi galibi sun fi jan wuyan jita, don haka bayan ka ɗaura su ka duba ko tsirkiya ta yi nisa da wuya. In haka ne, a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan da kwata ɗin juyi, a jira kwana ɗaya a sake dubawa. Kada a tilasta ta in ta ƙi juyawa. Lokacin hunturu katako yana bushewa ya motsa, to a sake dubawa a lokacin. Na biyu, in salonka na marin tsirkiya da babban yatsa ne, masu santsi ba za su ba ka wannan tsartsin ba. Tsirkiya masu awon kauri 45 zuwa 105 sun isa mafari.

Tambaya: Ina da kuɗin fedal biyu kacal. Wanne da wanne, kuma yaya zan jera su? Na gwada fedal ɗin abokina mai kaɗa jita, sai duk nauyin sautina ya gudu. — Mai karatu daga Damagaram

Amsa: Dalilin gudun nauyin a fili yake. Fedal ɗin gurnani na ƙaramar jita, irin su Tube Screamer, an gina su ne su rage abin da ke ƙasa da wajen 720 Hz kafin su murƙushe sauti. A jita wannan gyara ne, a bas kuwa ya kwashe rabin muryarka. Duk fedal ɗin gurnani da za ka saya wa bas, ka tabbata yana da maɓallin Blend, wanda ke gauraya sautinka na asali da wanda aka sarrafa.

Shawararmu ita ce kwamfiresa da firi'amf, wato fedal mai gyara muryar sauti kafin ya shiga amfilifaya, mai mafitar DI da ake jonawa kai tsaye da miksa. Kwamfiresa tana danne bugun da ya yi ƙarfi ta tallafi wanda ya yi rauni, sai sauti ya zauna daram, ya cika. Sa Ratio a 4:1, kada Attack, wato saurin da take fara dannewa, ya yi sauri sosai don kan bugun ya samu wucewa, kuma abin da take dannewa kada ya wuce 3 zuwa 6 dB. Irin su MXR M87 suna da fitilu masu nuna maka wannan. In ka matse fiye da haka kiɗan zai mutu, shuuu ɗin wuta kuma ya taso duk lokacin da ka tsaya.

A firi'amf, SansAmp Bass Driver na kamfanin Tech 21 ya daɗe a hannun makaɗa, yana kwaikwayon muryar amfilifaya mai bawul, wato irin ta da mai ƙwan gilashi a ciki. Sai dai halinsa ne kwashe tsakiyar sauti, don haka sa Blend a rabi, Drive a ƙarfe 10, ka sauke Presence da Treble. Amfaninsa na biyu, kana iya jona shi kai tsaye da miksa a wurin da babu amfilifayar bas.

Jeri kuwa: jita, kwamfiresa, firi'amf, sannan amfilifaya ko miksa. In daga baya ka samu ikwalaiza irin Boss GEB-7, ɗaga maɓallan da aka rubuta wa 120 da 400 kaɗan, sauke na 4.5k da 10k, ka bar na 50 a tsakiya. Yawancin fedal wutar 9V suke ci, mai nagatif a tsakiyar soket. Karanta abin da aka rubuta a jiki kafin ka jona adafta, don ta wata na'ura daban tana iya ƙona shi nan take.

Tambaya: Wani ya kawo tsohuwar amfilifaya mai bawul daga Amurka yana sayarwa. In saya? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Muryar bawul ba ƙarya ba ce. In aka tura mata sauti da ƙarfi ba ta fashewa farat ɗaya, tana lanƙwasa shi ne a hankali ta ƙara masa maiƙo. Ampeg B-15 da ta fito a 1960, mai sifika ɗaya inci 15 da ƙarfin da bai wuce wat 30 ba, ita ce ta situdiyo. Ampeg SVT ta 1969 mai wat 300 ita ce ta babban dandali, amma ita kaɗai, ba tare da akwatin sifika ba, ta kusa kilo 40.

Kafin ka biya, duba bayanta. Kayan Amurka wutar 120V suke ci, tamu kuwa 230V ce, don haka sai da taransifoma mai sauke wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da na'urar ke ja. A kan janareta kuma ka haɗa da sitabilaiza. Kada a taɓa kunna mai bawul ba tare da an jona sifika ba, domin taransifomarta ta ciki na iya ƙonewa, kuma ita ce mafi tsada a jikinta. Awon om na sifika ma dole ya dace da na amfilifaya: akwatin sifika biyu masu om 8 in aka haɗa su haɗin parallel suna zama om 4. Kada ka buɗe cikinta da kanka, akwai wutar da ta haura 400V da ke iya zama a kafasito, wato ma'ajiyar wuta ta cikinta, ko bayan an cire filogi. Ka kuma tambayi mai gyaranka ko yana samun bawul irin 12AX7 da 6550.

In yawon biki kake yi, amfilifaya marar nauyi mai bawul ɗaya a sashen shigar sauti, ko firi'amf ɗin da muka ambata, zai kai ka kusa ba tare da wannan ɗawainiya ba.

Tambaya: Da na bi shawarar fifita fikof na wuya a Jazz Bass ɗina, sai wani zuuu ya taso. — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Halin Jazz Bass ne. Fikof ɗinta biyu suna kashe wa juna wannan ƙara ne kawai in maɓallansu suna daidai. Buɗe na wuya gaba ɗaya, ka rage na jaki kaɗan kawai, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ka kuma juya jikinka har ka sami inda ƙarar ta ragu. In zuuu ɗin sai ka jona da miksa yake zuwa, danna Ground Lift a jikin DI. Kada ka karya ƙafar filogi ta uku, ita ke kare ka daga jan wuta ta tsirkiya. In kuma kana son Tone ɗin jitar ya ƙara duhu, mai gyara zai iya cire kafasito mai 0.047 µF ya sa mai 0.1 µF, aikin minti goma ne da ƙarfen soda.