Me ya sa Core 2 Duo ta fi Pentium D sauri, alhali lambarta ta fi ƙanƙanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsofaffin kwamfutocin tebur biyu 'yan kwatano don shagona na buga takardu. Ɗaya Pentium D ce mai 3.0 GHz, ɗayar Core 2 Duo E6300 mai 1.86 GHz. Mai sayarwa ya ce duka masu ƙwaya biyu ne. To amma ta farkon fankarta sai ka ce injin niƙa, ga nauyin jiki, ta biyun kuwa shiru, ga sauri. Cuta ta aka yi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba a cuce ka ba. Mai sayarwa gaskiya ya faɗa, kowace furosesa a cikinsu ƙwaya biyu gare ta, wato injin lissafi biyu a jiki ɗaya. Sai dai ginin ba ɗaya ba ne.

Daga 2000 zuwa 2004 kamfanin Intel ya ɗora kasuwancinsa a kan lambar GHz, wato yawan bugun da furosesa ke yi a daƙiƙa ɗaya. Pentium 4 an ƙera ta ne don lambar ta yi ta hawa. Da aka zo kan samfurinta Prescott mai nanomita 90 (ma'aunin ƙanƙantar sassan cikin furosesa), sai zafi ya tare hanya: duk ƙarin da aka yi, wutar da take sha ta fi amfanin da ake samu. A watan Mayun 2004 Intel ya soke Tejas, wadda za ta gaji Prescott, a Oktoba kuma ya fasa fitar da mai 4 GHz. Pentium 4 a 3.8 GHz ta tsaya. Dabarar haɗa ƙwaya biyu ba sabuwa ba ce a lokacin, tun 2001 IBM ya yi ta a POWER4, amma wannan ta manyan injinan kamfanoni ce, ba ta tebur ba.

Da Intel ya ga abokin hamayyarsa, kamfanin AMD, na dab da fitowa da tasa mai ƙwaya biyu, sai ya yi hanzari. Ya ɗauki Prescott biyu ya jera su gefe da gefe, ya fitar da Pentium Extreme Edition 840 a Afrilun 2005, sannan Pentium D 820 da 830 da 840 a watan Mayu. Kowace ƙwaya da nata ƙaramin rumbun ajiya na megabait 1, amma babu hanya a tsakaninsu. Ka ƙaddara gida biyu ne masu katanga ɗaya, ba ƙofa a jikinta. In uwargidan wannan gida na son aron ludayi a wancan, sai yaro ya fita titi ya zagayo. Titin nan shi ne layin da ya haɗa furosesa da babban allon cikin kwamfuta (motherboard), mai gudun 800 MHz, kuma ta nan dai ƙwayoyin biyu ke ɗebo duk abin da suke buƙata daga RAM. Cunkoso dole ne. Ga shi kuma murhu biyu aka hura a ɗaki ɗaya: 830 da 840 an auna zafinsu a wat 130. Kukan fankar da kake ji ke nan.

AMD ya fi shiri. Athlon 64 X2 ta fito a ƙarshen Mayun 2005, kuma tun asali an tsara gidan Athlon 64 da wurin ƙwaya ta biyu. Ƙwayoyinta suna magana ta cikin gida, sashen da ke kula da RAM ma yana jikin furosesar. Mai allon da ke da mazaunin furosesa na Socket 939 sau da yawa sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da allon, kawai zai yi ya ɗora ta, alhali mai son Pentium D sai ya sayi sabon allo. A ganina, a wannan shekara AMD ya yi wa Intel fintinkau. Inda Intel ya tsira shi ne farashi: 820 ta fito a dala 241, ita kuwa X2 4800+ ta kai wajen dala dubu.

Presler ta Janairun 2006, wato jerin Pentium D 900, an sauko da ita nanomita 65, amma katangar tana nan.

Taka ta biyun ita ce gyaran gaske. Core 2 Duo ta fito a Yulin 2006, kuma tushenta yana wajen furosesocin laftof na Intel, inda tattalin wuta ya zama tilas. Ƙwayoyin biyu rumbu ɗaya suke ci, megabait 2 a E6300, don haka abin da ɗaya ta ajiye ɗayar miƙa hannu kawai za ta yi. Aikin da Prescott ke bi da shi ta matakai 31, ita a 14 take gamawa, kuma a kowane bugu tana kwashe umarni fiye da waccan. GHz yawan taku yake ƙirgawa, ba ya auna faɗinsa. Zafinta kuma wat 65 ne, rabin na 830.

Wani abu da ke rikita masu saye a kasuwa: Pentium D daban, Pentium Dual-Core daban. Ta biyun, irin su E2140 da E2160 na 2007, jinin Core 2 ce da aka rage wa rumbu, kuma na fi son ta a kan kowace Pentium D.

Game da Pentium D ɗinka, ita da Core 2 Duo duka mazauninsu a kan allo LGA 775 ne, amma ba kowane allo na zamanin Pentium D ke karɓar Core 2 Duo ba. Ka sa mai gyara ya duba lambar allon kafin ka sayi wata furosesa. In bai karɓa ba, a cire fankar a kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, a goge busasshen man da ke kan furosesar a shafa sabo. Ka bar mata buga rubutu, aikin hoto ka kai wa E6300, musamman in bazara ta shigo.