Giya Biyar ko Sabon Difarenshal? Amsoshin Masu Tsofaffin Motoci

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambayoyin da ke shigowa wannan fili suka canja salo. Da can kowa gudu yake nema, yanzu kuwa kowa na son motarsa ta rage shan mai. Masu tsofaffin motocin da ke ja da tayoyin baya, irin su Peugeot 504 da 505 da Mercedes, su ne kan gaba, kuma yawancinsu giyabos da difarenshal suka sa wa ido. Ga huɗu daga cikin wasiƙun.

Assalamu alaikum. Ina da 504 salun mai giya huɗu, injin 2.0, ina zirga-zirga da ita tsakanin Gombe da Bauchi. Da na haura 100 sai injin ya riƙa ihu kamar yana neman wata giyar, ga shan mai. Bakanikena ya ce mu ɗaura mata giyabos mai giya biyar na 505, mu kuma canja difarenshal zuwa mai gudu, duka a lokaci guda. In yarda? — Alhaji Usman, Jekadafari, Gombe

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka karɓi rabin shawarar, ka ajiye rabin. A sa giya biyar, a ƙyale difarenshal.

Bari mu yi lissafi, don ka ga ba son raina na bi ba. A giya ta huɗu, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya ne na furofela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa difarenshal, babu ragi babu ƙari. Difarenshal ne ke rage juyin kafin ya kai ga taya. A cikinsa akwai babban faifai mai haƙora, kuran, da ƙaramin da ke juya shi, finiyon. Idan kuran na da haƙora 35, finiyon na da 9, ka raba za ka samu 3.89, kuma wannan shi ne abin da aka saba gani a 504 salun. Ma'ana sai furofela ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Tayar 175 R14 takan ci ƙasa da mita 2 kaɗan a kowane juyi, don haka a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 850 a minti. Ninka da 3.89, injinka na juyi wajen 3,300. Ihun da kake ji ke nan. Giya ta biyar, wadda lissafinta 0.8 ne da 'yan kai, za ta sauko da shi wajen 2,700. Injin ya samu numfashi, ku ma cikin mota ku ji maganar juna.

Abin da ya sa na fi son wannan hanyar shi ne giya ta biyar ƙari ce a sama. Ta ɗaya zuwa ta huɗu suna nan kusan yadda ka san su. Difarenshal kuwa duk giyoyin yake taɓawa. Ka sa mai lissafin 3.5, ka rage wa motar kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ja a kowace giya, har da ta ɗaya da kake tashi da ita a cunkoson kasuwa. In ka haɗa shi da giya ta biyar, injin zai koma wajen 2,400 a gudun 100. A takarda abin sha'awa ne. A hanya kuwa, da fasinja huɗu da kaya a but, kana fara hawan tudu bayan gadar Dindima motar za ta mutu a hannunka, sai ka danne totur har ƙasa ko ka koma ta huɗu. Man da ka je cetowa ya tafi ke nan. Ba a tauna taura biyu a lokaci ɗaya.

Sai maganar aikin kansa, wanda masu gyara kan ce "ai ƙaramin abu ne". Ba ƙarami ba ne. A yawancin 504 salun furofela a cikin wani dogon bututun ƙarfe take, wanda ya haɗe giyabos da difarenshal. Ba irin ta Hiace ba ce da ke fili, wadda za a kai wa mai walda ya rage ko ya ƙara. Idan sabon giyabos ya bambanta da tsohon a tsawo, sai an samo bututu da furofelar da suka dace da shi, shi ya sa ya fi kyau ka sayo su tare, daga mota guda. A duba kuma mazaunin giyabos, da inda sandar giya za ta fito, da haƙoran farantin kuloci, da wayar mitar gudu. Tunda an riga an sauke, a canja farantin kuloci da boris ɗinsa, kada ka biya kuɗin sauke giyabos sau biyu.

Kada kuma ka dogara da shekarar motar. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuma 504 ta daɗe ana fitar da ita a nan bayan Faransa ta daina. Ga waɗanda aka shigo da su ta Kwatano. Da wuya ka samu wadda ba a taɓa yi mata dashen kayan wata ba. Saboda haka a sauke tsohon giyabos a tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna in ba a samu a gida ba, a jera shi da sabon a ƙasa, a auna da tef. A kwance noti na tsiyayar mai a ga abin da zai fito: baƙin laushi kaɗan ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, a bar musu kayansu. Ku yi yarjejeniya da mai shago a gaban shaida cewa in an ɗaura ya yi kuka ko yana tsallake giya, za a dawo da shi.

Game da mai, kada in yi maka alkawarin da ba zai cika ba. Ragin a babbar hanya kawai za ka gan shi, kuma ba rabi zai koma ba. A cikin gari ba za ka ga komai ba, don ba ka shiga ta biyar. Kafin ka kashe ko sisi, a gyara kafireto, a saita wuta, a canja fulogi, a duba iskar taya da burkin da ke kamawa. Wata motar a nan duk man nata ke zurarewa.

Ina da 504 a-kori-kura, ina lodin hatsi daga ƙauyukan Dukku zuwa Gombe. Wani ya ce in sa kuran da finiyon na salun, wai za ta rage sha. Wani kuma ya ce tunda ina yawan kafewa a yashi, a yi wa difarenshal walda tayoyin su riƙa juyawa tare. Wanne zan yi? — Malam Bappa, Dukku

Ko ɗaya, Malam Bappa.

Da gangan aka yi wa a-kori-kura difarenshal mai babban lissafi, don ta iya tashi da lodi. In ka sa na salun, ko da an yi dabarar da ya shiga, ranar da ka ɗora buhunan gero za ka riƙa tashi da rabin kuloci, kana jin ƙaurinsa. Farantin da ya kamata ya yi shekaru zai ƙare kafin kaka ta zagayo. Mai kuma ba zai ragu ba, domin injin da aka danne da nauyi ya fi sha. In doguwar hanyar kwalta ce ke damunka idan ka dawo babu kaya, amsarka ɗaya da ta Alhaji: giya ta biyar.

Walda kuwa ita ce ta fi ba ni tsoro. Aikin difarenshal ba rage juyi kaɗai ba ne. A kwana, tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo, shi ne ke ba kowacce damar juyawa daidai tafiyarta. Aibinsa, kamar yadda ka gani, in taya ɗaya ta faɗa yashi ita ce za ta yi ta juyawa a banza, ɗayar na tsaye. Walda za ta magance wannan, gaskiya ne. Amma da ka hau kwalta da lodi, a kowace kwana taya ɗaya sai ta ja ƙasa da ƙarfi, tayoyi su cinye, sandar aksil ta riƙa murɗewa har ranar da za ta tsinke. Ranar ruwa kuwa motar na iya ƙin bin sitiyari, ko bayanta ya zame. Ga yaran mota a saman kaya.

Akwai difarenshal da aka ƙera musamman don wannan matsalar, wanda ke riƙe tayoyin biyu idan ɗaya ta fara sulɓi, ya kuma sake su a kwana. Masu kayan gyara na kiransa LSD. Ba ya yawa a kasuwa. In an ce maka ga shi, ka gwada: a ɗaga tayoyin baya biyu, giya a firi, ka juya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya, na gama-gari ne. In ta bi ta gaba, ko LSD ne ko wanda aka yi wa walda, don haka a buɗe ka gani da idonka. Yana kuma da irin mansa na daban.

Kafin nan, tayoyi masu kyawun zane, da rage iska kaɗan idan za ka ratsa yashi ka mayar in ka fito, da shebur da katako biyu a bayan mota, za su fitar da kai a mafi yawan wuraren da kake kafewa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini Mercedes V-boot. Kwanan nan tana wani gunji a baya idan ana tafiya. Bakanike ya ce difarenshal ya mutu, a sayo na Beljiyam. Ban san komai a kan mota ba, ina tsoron a cuce ni. — Hajiya Asabe, Fadaman Mada, Bauchi

Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya, ya albarkaci abin da ya bari. Wataƙila gaskiya bakaniken ya faɗa, amma ba kowane kuka a baya ne na difarenshal ba, kuma akwai gwajin da kunnenki kaɗai ya isa.

Ki sa direba ya hau hanya miƙaƙƙiya, ko ta Jos ko ta Ningi, ke kina kujerar baya. Ya taka totur, ya saki, ya sake takawa. In gunjin na zuwa da takawa yana ɓacewa da saki, ko akasin haka, to daga difarenshal ne. In kuwa yana nan daram ko an taka ko an saki, amma yana canjawa idan an karkata hagu ko dama, boris ɗin taya ne, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar wancan ba. Tayar da ta ci gefe ma takan yi irin wannan gunjin. Bugun "kwas" idan an sa giya ko an tashi, a Mercedes sau da yawa faifan robar da ke jikin furofela ne ya tsage, ko robar mazaunin difarenshal. Karkarwa a ƙarƙashin kujera kuwa a duba boris ɗin tsakiyar furofela.

Abu na farko dai a buɗe a ga ko akwai mai a ciki. Sil yakan yi yoyo a hankali har ya bushe ba wanda ya lura. Man difarenshal mai kauri ne, wanda aka rubuta GL-5 a jikin robarsa, 80W-90 ko 85W-90. Kada a yarda a zuba baƙin man inji. Giyabos kuma kowace mota da nata, wani ma jan man giyar atomatik yake sha alhali na hannu ne, don haka a bi littafin motar.

In ta tabbata sai an canja, ki ce a nemo mai lissafi iri ɗaya da na jikin motar. Mercedes kan buga lambar a jikin ƙarfen difarenshal ɗin, a goge datti za a gani. In aka sa wani daban, mitar gudu za ta riƙa yin ƙarya, kuma in motar na da burkin ABS, a tabbata sabon na da gurbin wayarsa kamar tsohon. In an ce kuran ko finiyon kaɗai za a canja, kada ki yarda a ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can. Tare ake goge su a masana'anta, haƙoransu sun saba da juna, kuma saita tazararsu aikin gwani ne mai ma'auni. Ga wanda ba shi da irin wannan gwanin, sayen difarenshal ɗin ɗungurungum ya fi kwanciyar hankali. Ki kuma ce a kawo miki tsohon gida.

Ina da Mercedes 190 atomatik. Ina so in mayar da ita ta hannu, in sa difarenshal mai fizga, don ta riƙa tashi kamar ta abokaina. — Auwal, Azare

Auwal ƙanena, ana yi, amma ba giyabos kaɗai za ka saya ba. Akwai fedar kuloci da famfonta na sama da na ƙasa, da fulawil, da furofela, da mazauni, da sandar giya, ga wayar sitata da ta fitilar ribas. In ba ka samu matacciyar 190 ta hannu da za ka kwashe duka daga jikinta ba, kuɗin zai kusa kai ka ga sayar da taka ka sayi ta hannu, kuma shi nake ba ka shawara. Difarenshal mai babban lissafi zai sa ta fizga a tashi, amma zuwa Kano za ka sha ihun inji da kuɗin mai, kuma ƙarfin injin bai ƙaru da komai ba.

In ka dage, kada ka yarda da bakin mai shago a kan lissafin. Ka sa alli a inda furofela ke ɗaurawa, ka sa yara biyu su juya ɓangarorin taya biyu tare sau ɗaya cif, kai kana ƙirga juyin allin. Uku da rabi, wajen 3.5 ke nan. Kusan huɗu, wajen 3.9. Kuma kafin a taɓa giyabos, ka fara kai ta a duba burki da shokozoba da robobin ƙafar baya, ka turo mini abin da aka gani.