Shin ruwan 'ya'yan darbejiya da na zogale na maganin bakteriya a gona?

Wani mai noman tumatir ya ce shukarsa na yin yaushi farat ɗaya ta mutu, ganyen kuwa kore shar. Ya ji an ce masana sun gano 'ya'yan darbejiya da na zogale na kashe bakteriya, shi ne yake tambaya ko ya jiƙa ya fesa.

Malam, dakata da feshin tukuna. Tuge shuka ɗaya, ka yanke karan daga gindi, ka tsoma shi cikin kofin gilashi mai ruwa garau. In bayan 'yan mintuna ka ga wani farin abu kamar madara na zubowa zare-zare, to bakteriyar da ake kira Ralstonia solanacearum ce. A ƙasa take zaune, ta saiwa take shiga, ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi cikin kara. Abin da ka fesa a ganye ba zai kai gare ta ba. Ka tuge waɗanda suka kamu ka ƙona, ka hana ruwan wurin gangarawa sauran fangali, ka sa masara ko dawa na 'yan shekaru. Ban da tattasai da dankalin turawa, don su ma tana kama su.

Maganar masanan gaskiya ce, amma a san inda ta tsaya. A ɗakin bincike akan tatso sinadarin iri, galibi da itanol (wani nau'in sifirit), a ɗiga a faranti da aka raini bakteriya, a auna milimita nawa ta ja da baya. Ta haka aka ga sinadarin thymoquinone na habbatus sauda na danne Staphylococcus aureus, wata bakteriya mai kama mutane da dabbobi, sinadarin 'ya'yan gwanda da na zogale ma na da irin wannan tasiri. Jiƙon ruwa ba ya kai wannan ƙarfi, ga rana da ruwan sama. Darbejiya kuma ƙarfinta a kan ƙwari yake: gram 50 na dakakken ƙwaya a lita ɗaya, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma, don rana na lalata azadirachtin, sinadarin darbejiya da ke maganin ƙwarin.

Wata mai kiwon kaji ta tambaya ko 'ya'yan zogale na tsabtace ruwan shan kaji. Hajiya, wannan kam yana aiki. Ɓare ƙwaya ɗaya, ki dake ta lukui, ki kaɗa cikin lita ɗaya na ruwa mai laka, ki bari ya kwanta awa ɗaya ko biyu. Laka za ta sauka ƙasa tare da mafi yawan ƙwayoyin cutar, amma ba duka ba. Ki tsiyaye ki ba su a ranar, don in ya kwana bakteriya na sake hayayyafa. Kajin da suka riga suka fara zawo kuwa, likitan dabbobi za a kira musu.