Ga mai son rubuta wa kakarta waƙa

Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na share ido. Kin ce kina son yi mata waƙa kafin sadakar arba'in, amma kin rasa ta inda za ki kama, don ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana ƙaunarki ba, kullum faɗa. Wallahi haka kakata Iya take, can unguwar Birni bayan fadar Damagaram. Sunana a bakinta "kishiya", ko "mummuna mai ƙwace min miji". Amma ko jikoki goma ne a tsakar gida, ƙanzon tukunya nawa ne.

Ni ma da manyan kalmomi na fara: fitila, garkuwa, inuwar kuka. Na cika kaye guda, duk na yaga, don babu tsohuwar da ba za a yi wa wannan kirarin ba a Damagaram. Waƙar ba ta zo ba sai da na tuna ƙullin bakin zanenta, yadda take kwance shi da haƙori ta ba ni dala biyar in zan tafi lakwal, tana mitar na cika kwaɗayi. A yunwar 2005, da tiyar hatsi ta gagari mutane, sai ta dama hura ta tura min ƙwaryar, wai ita azumi take. Na Litinin, na Alhamis, har na Talata. Sai da na girma na gane. Daga nan baitin farko ya fito:

Iya mai azumi ba watan azumi ba,
Ki ce kin ƙoshi, ko ludayi ba ki ɗaga ba.

Ki sa faɗan nata a ciki, da kalmomin da take yin sa. Kada ki gyara mata harshe.

Abin da ke ci min rai har gobe shi ne matar kawuna. Ina Yamai wajen karatu Iya ta kwanta ciwo, matar nan ta hana a gaya min, wai kar a ɗaga min hankali. Sai da aka kai ta makwancinta aka kira ni. Kilomita wajen 900 na yi a mota ina kuka. Na iso kwana uku bai cika ba, har ta share ɗakin ta jera kwanukanta. Ƙwaryar hurar nan, wadda aka ɗinke tsagarta sau biyu, da faifai, da tsohuwar tasbaha, duk babu. Na tambaya, ta ce min tarkacen tsofaffi ne. Tarkace! Matar da Iya ta yi wa wankan jego sau huɗu, tana tashi tun kafin assalatu ta hura wuta, a garin nan da kin san yadda ruwa yake. Ana ta ce min in yafe. Ina gaishe ta dai.

Don haka yau ɗin nan, kafin a fara rabo, ki shiga ɗakin Hajiya ki ɗauki wani abu nata, ko kallabi ne. Ki je wajen ƙawayenta ki kunna waya, su tuna miki kirarin da take yi miki tana jijjiga ki a cinya, ko abin da take rerawa in tana daka. Amsa-amo kuwa kar ya hana ki barci, ƙwar biyu ma, wato layi biyu a kowane baiti, ta isa, ki dinga rerawa da ƙarfi, kunnenki zai gaya miki inda ɗango, wato layin baiti, ya yi tsawo. Batun karantawa ranar arba'in, ki tuntuɓi babanki tukuna, wasu malamai ba sa son a haɗa da addu'a. Ni tawa ban karanta wa kowa ba sai ƙanwar Iya da ke Mirya kusa da Damagaram. Ta saurara har ƙarshe, ta ce na manta yadda take ɓoye min alkakin sallah a ƙarƙashin gado, sannan ta tashi ta ɗauko min ludayin Iya da ta ara tun bara ba ta mayar ba.