Amsa kan bikin matattu na Meksiko

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yaya, na ji tambayarki kan bidiyon nan na faretin mutanen Meksiko da suka zana fuskokinsu kamar ƙwarangwal, kina cewa ko bikin Halowin ɗin Amurka ne. A'a, ba shi ba ne. Sunansa Día de Muertos, wato ranar matattu, ana yinsa 1 da 2 ga Nuwamba. Ranar farko ta yaran da suka rasu ce, ta biyu ta manya. Ranakun na cocin Katolika ne da Sifaniyawa suka kawo bayan cin ƙasar a 1521, sai suka gauraya da tsoffin al'adun 'yan ƙasa. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi a jerin al'adun gado a 2008.

To, abin da za ki riƙe shi ne, a imaninsu mamaci baƙo ne da ke zuwa gida sau ɗaya a shekara daga tafiya mai nisa. Duk shirin na tarbar baƙo ne. Suna haɗa teburi a gida, suna ce masa ofrenda, hawa biyu ko uku, wasu har bakwai. Hoton mamacin a sama. Kofin ruwa saboda ƙishirwar hanya. Gishiri a ɗan faranti don tsarkakewa. Kyandir don haska masa hanya, wasu gidajen kowane mamaci da nasa. Sai turaren copal, ƙaron itace ne, ɗan uwan hanon da muka sani, ana zuba shi a kan garwashi cikin kaskon ƙasa.

Furen shi ne babban aiki. Sunansa cempasúchil, ruwan lemo, ƙamshinsa mai ƙarfi ne sosai. Manoma kan shuka shi tun wajen Yuni ko Yuli don ya buɗe daidai ƙarshen Oktoba. Ana tsittsinke ganyen furen a zuba shi a layi daga bakin ƙofa har gaban teburin, wai launin da ƙamshin ne ke jawo mamacin. Wanda ya yi garajen saye da wuri, kafin ranar furen ya yi yaushi, shi ya sa da yawa ke sayen na tukunya. Matsala ta biyu wuta ce: akwai takarda marar kauri mai launi da suke huhhudawa su rataya a sama, papel picado, idan ta yi kusa da kyandir nan take take kamawa. Don haka kyandir a cikin gilashi, takarda can nesa.

Abinci kuwa wanda mamacin yake so ake dafawa: tamales, wato ƙullun masara da aka naɗe a bawonta aka turara, miyar mole mai barkono da cakulan, kunun masara, da burodin bikin, pan de muerto, mai siffar ƙasusuwa a kansa. Yara a sa musu alewa da kayan wasa. Babban da yake shan giya ko taba a ajiye masa. Akwai ƙoƙon kai na sukari da ake rubuta suna a goshinsa. Bayan ranar 2 iyali su cinye abincin, suna cewa ɗanɗanonsa ya ragu don baƙi sun riga sun ɗebi nasu.

A maƙabarta ana share kabari, a ƙawata, a kwana a wurin. Tsibirin Janitzio a jihar Michoacán da garin Mixquic da ke gefen Birnin Meksiko sun yi suna a wannan. A Pomuch ta jihar Campeche abin ya wuce haka: bayan shekara uku da binnewa ana fito da ƙasusuwan a sa a akwatin katako, duk shekara a goge su da burushi, a canza musu farin ƙyalle mai surfani.

Shi kuwa faretin da kika gani, ni dai ban ɗauke shi asalin bikin ba. Birnin Meksiko ya fara shi ne a 2016, bayan wani fim ɗin James Bond na 2015 ya nuna irinsa. Matar ƙwarangwal mai ƙatuwar hula da suke kwaikwayo, Catrina, zanen wani mai zane ɗan Meksiko ce, José Guadalupe Posada, ya yi ta ne don yi wa masu kwaikwayon Turawa shaguɓe.