Ƙanina, ka dakata tukuna kafin ka sayar da Mini ɗinka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina mai tambaya, sau uku na karanta saƙonka jiya da daddare, wallahi sai da barci ya ƙaurace min. Ka ce za ka sayar da Mini 3 Pro ɗinka, wato ƙaramin jirginka marar matuƙi na ɗaukar hoto daga sama, ka ci bashi ka cika ka sayi babbansa Mavic 3, don wani mai kamfanin filaye ya yi maka alƙawarin aiki duk wata. Abin da ya same ni ke nan, babu ƙari babu ragi.

Ƙarshen 2023 ne, dala ta haura naira dubu a wajen 'yan canji. Wani Alhaji mai yanka filaye a bayan gari ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo min lemo, ya ce yana son bidiyon filayensa daga sama duk wata har shekara guda, amma ba da wannan ɗan mitsitsin jirgin nawa ba, wai yana zubar masa da girma a gaban masu saye. Na karɓi kuɗin adashina, na sayar da Mini, yayata ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta ba ni aro. Rubutu ko layi ɗaya ban nema a wajensa ba, ina ganin dattijo ne, sa'an mahaifina. Aiki biyu na yi masa. Na farko ya biya rabi, na biyu har yau. Sau nawa na je ofishin nan na zauna a kan benci tun hantsi har la'asar, yaransa suna ce min ya fita, alhali ga motarsa ina kallo. Ranar da na tare shi a bakin masallaci bayan azahar, cewa ya yi a gaban mutane, “Yanzu kai don ɗan wannan hoton kake bi na kamar na ci maka gado?” Daga baya na ga bidiyon nawa a Facebook suna talla da shi, an goge tambarina. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba. Abin da ya fi yi min ciwo ma ba kuɗin ba ne, haɗa ido da yayata ranar Sallah, ta fito kunnenta ba komai, kuma ba ta taɓa ɗaga min maganar ba.

To, jirgin kansa ba zan kushe shi ba. Kyamarar Hasselblad ɗin nan ta Mavic 3 mai babban sansa 4/3, wato ɓangaren da ke karɓar haske, daban take, musamman daf da magariba lokacin da hoton Mini ya fara yin yashi-yashi. Kana iya buɗe idon kyamarar ko ka tsuke shi daga f/2.8 zuwa f/11, Mini kuwa a tsaye yake a f/1.7, in babu gilashin ND mai rage haske, da rana tsaka sai hoton ya ƙone. Nauyin Mavic kusan giram 900 ne, iskar hunturu ba ta wasa da shi yadda take yi da Mini mai giram 249. Duk gaskiya ne. Amma ka tambayi kanka wa zai biya kuɗin wannan bambancin. Uwar amarya a waya za ta kalli bidiyon, bayan WhatsApp ya matse shi ya cinye rabin kyansa. Tunda nake aikin biki ba wanda ya taɓa ƙara min ko sisi don na ɗauka da 5.1K, bidiyo mafi tsantsar kyau na Mavic. Abin da suke so a ga jerin motocin kai amarya, a ga cikar jama'a a wajen ɗaurin aure. Kuma Mini ɗinka yana juya kyamara a tsaye saboda TikTok da Instagram, abin da Mavic 3 ba ya yi.

Sannan kuɗin jirgi ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Batir uku ne mafi ƙaranci in har aiki za ka yi. Minti 46 ɗin da aka rubuta a kwali, a zafin Afrilu in ka samu talatin da 'yan kai ka gode Allah. Nawa ɗaya ya kumbura saboda na bar shi a but ɗin mota, don Allah kada wani ya ƙara yin wannan. Kwamfutata ma ta kasa jan fayil ɗin, sai da na ƙara mata ram. Sannan ƙura. Wata rana a wani fili ƙurar hunturu ta shiga gimbal, wato abin da ke riƙe kyamara, ya riƙa karkarwa, mai gyara ya riƙe min shi sati biyar yana jiran kaya daga waje, a lokacin dala ta haura 1,500. Biki uku suka wuce ni ina zaune. Ku sayi ɗan faifan tashi ko ku shimfiɗa darduma, kada ku tayar daga kan turɓaya. Ku kuma lura da shirwa in kuna kusa da mayanka ko bola, tana kawo hari.

Akwai maganar takardu da ba ma son yi a wannan zauren namu. Aikin kuɗi da jirgi sai da izinin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma babban jirgi ya fi jan ido, ƙararsa ma daga nesa ake ji. Kamfanin kirki zai tambaye ka takarda kafin ya tambayi sunan jirginka. Kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano ko bariki kuwa, ko nawa aka ba ka kada ka tayar.

In Alhajin naka da gaske yake, ya sa hannu a takarda, ya ba da kafin alƙalami na wata uku. Ka ɗauki hayar Mavic a wajen ɗaya daga cikinmu ka yi aikin farko da na biyu, ka saka kuɗin hayar a cikin farashi, ka ga ko kuɗi na fitowa a kan lokaci. Kuma kada ka miƙa bidiyo ba tambari sai an cika maka. In kuma auna filaye yake nufi ba talla ba, wannan ma wani layi ne daban, Mavic 3E ake amfani da shi ko Phantom 4 Pro saboda irin shatarsu, wato marfin idon kyamara mai buɗewa ya rufe lokacin ɗaukar hoto, ka tambaye shi da kyau. In dole sai ka ƙara gaba, ka duba Air 2S na hannu mai sansa inci ɗaya, amma ka duba sau nawa aka caja batiran, ka tabbatar mai shi ya cire shi daga asusunsa na DJI, kamfanin da ke ƙera su, a gabanka.

Mini dai kada ka sayar. Ranar da babban ya kwanta, shi zai fitar da kai kunya. In kana Kano ka yi min magana ta gefe, ka zo ranar Asabar ka tuƙa nawa, mu ɗora hotunan biyu a waya ka gani da idonka.